Gawo a Gonar Aro

Duk macen da ta auri mai hawan itace ta san ba ita kaɗai ke da ɗakinta ba. Tun da aka kawo ni gidan Hamani (bakina bai saba da faɗin sunan ba, amma labari ya kama) nake kwana da gatura biyu a ƙarƙashin gado. Zarto yana rataye a inda ya kamata fayafayaina su zauna, ga kuma wata doguwar igiya da yake lallashi kamar jinjiri. In hadari ya taso, igiyar yake fara kwashewa, shanyata kuwa Allah ya kyauta.

Aikinsa ke nan a Filinge. Itacen bedin da ya yi wa katanga nauyi, reshen da ya miƙa hannu zai taɓa wayar lantarki, tsohuwar aduwa da ke neman faɗa wa rumbun wani, duk shi ake kira. Da rani kuma masu kiwo su zo ya sauke musu ganyen gawo. Ba shi da injin yanka irin na samarin yanzu. Yana cewa ƙarar inji ba ta barin mutum ya ji lokacin da reshe ya fara tsagewa. Ni na san har da tsoron abin a ciki, amma ban taɓa tona masa asiri a gaban mutane ba.

Wata la'asar da bazara, ina tankaɗe, shi yana zaune yana gyara wa ƙaramin gatarinsa ƙota, sai ga ƙanena Salisu a kan babur. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma ni na goya shi. Yanzu shago gare shi a kasuwa, da tumbi, da 'ya'ya cike da gida. Ya gaishe mu, ya sake gaishe mu, ya tambayi lafiyar awakin da ba mu da su. Da na ga yana ta juya makullin babur a yatsa na san da magana a bakinsa. Tun yana yaro haka yake yi da bakin rigarsa in ya fasa mini ƙwarya.

Daga ƙarshe ya ce yana so a yi wa itatuwan gawon da ke gonar Baba aski.

Maigidan bai ɗaga kai daga ƙotar ba. Ya ce, “Wane irin aski? Na gyara ko na sallama?”

Salisu ya dubi ƙasa, ya ce, “Kai dai ka san aikinka.”

Ni ma na san aikin, shekara da shekaru ina tsince ƙaya a tafin ƙafar mai yinsa. Sara iri biyu ne. Na gyara shi ne ka zaɓi reshe, ka fara saransa daga ƙasa don kada ya yage ɓawon uwar in ya faɗi, sannan ka gama daga sama a karkace yadda ruwa zai zurare. Ka bar wa itacen kansa. Kafin shekara ta zagayo ya warke, ya fi da kyau. Na sallama kuwa, dab da faɗuwar damina ake yinsa. A kwashe kan gaba ɗaya, a bar bakin saran a kwance da ɗan kwarmi a tsakiya. Ruwan sama ya kwanta a ciki, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya. Itace ya mutu a tsaye a hankali, ba wanda zai ce an sare shi. Ma'aikatan gandun daji sun hana kayar da gawo, ko a gonarka yake, amma wa zai kama mutum don itace ya bushe?

Gonar nan kuwa tamu ce ta gado, a ƙauyenmu kan hanyar Tabla, sai dai ba mu ke noma ta ba. Shekarar babbar yunwa, ina 'yar yarinya Salisu yana bayana a goye, wani mutum mai suna Magagi ya sauko daga arewa da matarsa da jaki ɗaya. Babanmu, Malam Dodo, ya ba shi aronta. Gona ce a suna kawai a lokacin. Faƙo ne, iska ta kwashe ƙasar ta bar wurin kamar an daɓe.

Aro yana da ƙa'idarsa a wajenmu, kowa ya sani. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, kuma duk kaka zai ɗauko dami ya kai ƙofar mai gona da rana tsaka don jama'a su gani. Baba Magagi bai taɓa tsallake kaka ɗaya ba, har shekarun da hatsin bai yi ba. Bayan rasuwar babanmu ma bai fasa ba, ƙofar Salisu yake aiko da shi.

Abin da ya yi dabam shi ne wajen sassabe. Inda kowa ke share duk tohon da ya fito ya tara ya cinna wuta, shi in ya tarar da tohon gawo sai ya zaɓi mai ƙarfi ɗaya ya bari. Ya rage masa 'yan rassan gefe, ya ɗaura masa tsumma don makiyaya su gani su kauce. Wannan tun kafin rediyo ya fara wa'azin sassaben zamani. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa gonar malalaci. Da maganar ta kai kunnen babanmu ya kira shi ya tambaya, sai Magagi ya ce shi bai dasa ba, ya dai ƙi kashewa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ya je ya ci gaba da ƙin.

Yau babu gona mai inuwa da hatsi irinta a duk yankin. Masu dariyar nan su ke zuwa kallo.

To, abin da ya hana Salisu barci ke nan. Ya ce ya ji labari daga wajen Bonkuku, wasu 'ya'yan mai aro sun tsaya gaban alƙali bayan ubansu ya rasu, suna nuna itatuwa suna cewa mai gona kaɗai ke raya itace, don haka gonar tasu ce, kuma har yau ba a gama shari'ar ba. Baba Magagi ya tsufa. 'Ya'yansa maza sun kawo ƙarfi, ɗaya yana Kwatano yana jin kansa. Ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

“Dami cinye shi aka yi a mance, Yaya,” ya ce mini. “Icce kau shina nan tsaye, shina ba da shaida. Ɗiyana mi za ni bar musu?”

Na ajiye rariya na wanke shi tas. Na tuna masa wanda ya ɗauki makarar Baba a gaba, da wanda ya riƙa kawo wa Inna itacen girki har ta bar duniya. Na ce mutumin da ya mai da faƙo gona, sakamakonsa ke nan? Ya bar ni na gama, don ya san in aka tare ni ƙaruwa nake yi. Sannan ya ce a hankali shi ba korar tsohon zai yi ba, ya ci gaba da nomansa har ƙarshen ransa. Itatuwan ne kawai ba ya so su kai ga 'ya'ya. Ya juya ga maigidan ya ce in ba zai yi ba ya faɗa, akwai samari masu inji da za su gama kafin rana ta take.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ƙarya yake yi ba. Na san tsoronsa, ni ma na ga gidajen da gona ta raba. Kuma na san samarin nan, ba ruwansu da na gyara da na sallama, su dai a nuna musu itace.

Maigidan ya ce zai je. Ban yi masa magana ba har gari ya waye.

Da safe na same shi a bakin dutsen washi, yana ɗiga ruwa yana goga bakin gatari, yana gwadawa da babban yatsa. Ya bi haƙoran zarto da magagari ɗaya bayan ɗaya. Ya warware igiyar tun daga wannan kai har wancan, yana murza ta a tafin hannu yana neman inda ta ci. Na tsaya a kansa na ce ashe har kisa ma sai an yi masa kwalliya. Ya ce dakusasshen ƙarfe ya fi cutar da itace, ko me za a yi masa. Ya ƙara da cewa tun jiya da yamma ya ba direban motar kasuwa saƙo ya gaya wa Baba Magagi abin da ke tafe, don shi ba ya sara a bayan idon mutum. Na tambaye shi ko da gaske zai yi. Ya ce shi ma bai sani ba, sai ya hau.

Na ce to da ni za a je, ni ma ɗiyar Malam Dodo ce. Bai musa ba. Ya dai ba ni igiyar in riƙe a mota, wai kada a ɗora mata buhu.

Mun isa da hantsi. Ko'ina ya bushe, gonaki fetal sai karan da dabbobi suka tattake, rana tana dukan ƙasa. Amma tun daga hanya ake hango gonar nan, shar da ita. Haka gawo yake, da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani in kowa ya tuɓe shi ya sa riga. Da muka shiga ƙarƙashin itatuwan sai na ji zufar bayana ta fara sanyi. Guntayen karan bara da ke gindinsu sun kai kaurin tsintsiyar hannuna.

Baba Magagi yana zaune a kan tabarma a gindin babban gawon, ya ajiye tulun ruwa da moɗa. Ya ƙara ƙanƙancewa tun ganina da shi na ƙarshe, gemun ya yi fari fat. Ya tashi ya tarbe mu kamar 'yan biki, ya tambayi yara da sunayensu. Salisu ya iso a kan babur bayanmu kaɗan. Ya durƙusa ya gaida tsohon, amma idonsa yana kan takalminsa. Ya fara wani dogon bayani a kan zamani da halin 'ya'yan yau, tsohon ya ɗaga hannu ya ce saƙo ya iso, kuma ya fahimta, gonar Malam ce, ɗan Malam yana da iko da abinsa.

Sai ya kama hannun maigidan ya zaga da shi. Na bi su a baya ina zaton roƙo zai yi. Ashe hanya yake nuna masa. Wannan akwai zuma a kogonsa, a bi shi da hayaƙi. Wancan tururuwa gare shi. Da suka zo ga wani mai rassa biyu ya dafa shi da tafin hannu.

“Wanga kak ka dogara ga reshen gabas,” ya ce. “Cikinai ruɓaɓɓe na, tun shekarad da tsawa taf faɗa mai. Ka bi ta yamma.”

Na juya baya na gyara ɗaurin kallabina, don ban so a ga idona.

Muka dawo gindin babban. Maigidan ya tuɓe takalmi, ya ɗaura guntun itace a kan igiya ya wurga, ta haye reshe ta sauko ta ɗaya gefen. Ya ja da ƙarfinsa duka ya gwada, ya ɗaure ƙugu, ya rataya gatari da zarto da wata igiya ta biyu a baya. Ya yi bisimilla ya kama. Mutumin da in na ce ya miƙo mini tukunya sai ya yi nishin ciwon baya, ga shi yana tafiya sama yana kauce wa ƙaya kamar ɗan shekara ashirin. Ya kai inda manyan rassa suka rabu ya zauna, ya ciro gatari ya ɗora a cinya. Ya leƙo ƙasa ya tambayi Salisu ta ina zai fara.

Salisu ya ɗaga kai ya duba, ya rasa abin nunawa. Sayar da shinkafa ya iya.

Baba Magagi ya ce in ba damuwa a ɗan jinkirta, yana da baƙi a hanya. Ba a jima ba sai ga maigari da liman da wasu dattawa biyu suna tafe a hankali, liman yana riƙe da lema. Ashe tun jiya tsohon ya bi su gida gida. Fuskar Salisu ta canja, ya zaci ƙararsa aka kai. Ni ma haka na zata, har na fara jin daɗi, Allah ya yafe mini.

Aka zauna, aka sha ruwa, aka gaisa. Maigidan yana can sama yana kaɗa ƙafa. Sai tsohon ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

“Maigari, Liman, ku shaida,” ya ce. “Gonag ga ta Malam Dodo ta, aro yab ba ni. Itacen ga da kuka gani, ko guda ban dasa ba. Allah yaf fiddo su cikin ƙasam Malam, saboda haka na ɗiyan Malam na. Daga yau ba ni da ganye, ba ni da ɗiyan icce, ba ni da reshe, ɗanye ko busasshe. Ni da ɗiyana ba mu ƙara taɓa su da ƙarhe. Abu guda nika roƙo, a bar su da rai.”



Maigari ya gyara zama ya tambaye shi ko ya san nauyin abin da ya faɗa. Ya ce masa magana gaban liman ba ta komawa. Ya lissafa masa: 'ya'yan gawon da yake tarawa buhu buhu da rani, ganyen dabbobinsa, itacen girkin gidansa, ko asawaki ba zai karya ba sai da izini. Tsohon ya ce ya sani, shi ya kwana da maganar. Liman ya sake tambaya ko wani ya tilasta shi. Ya ce ba wanda ya tilasta shi.

Salisu ya buɗe baki da ƙyar. Ya ce shi bai nemi har haka ba. A shaida itatuwan na gona ne ya isa, ganye da 'ya'ya tsohon ya ci gaba da ɗiba kamar da.

Baba Magagi ya girgiza kai. “A'a, ɗan Malam. In na riƙe ganye, ɗiyana su riƙe reshe, jikokina su riƙe saiwa. Ran nan kau wani ya sake zuwa da gatari, kuma ba ni nan. Tsoronka gaskiya na. A yanke shi yau gaba ɗai.”

Na so in yi magana. Na so in ce ni rabona na bar masa, duniya ta shaida. Amma na ga yadda ya tsaya da hula a hannu, na gane in na sa baki rusa masa gini zan yi. Ya auna abin da zai hana ƙanena tsoro har abada, ya ga ba abin da zai isa sai duka, ya ba da duka. Ban taɓa jin kunyar gidanmu irin ta ranar ba, ban kuma taɓa ganin mutum ya cika mini ido haka ba.

Maigari ya juya ga Salisu ya tambaye shi ko ya karɓa, kuma ko ya yarda a bar su da rai. Ya ce ya karɓa, ya yarda. Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha, har maigidan daga sama ya shafa.

Sannan ya leƙo ya ce da Salisu, tun da yanzu itatuwansa ne, ya sani wannan babban yana bukatar gyara na gaske. Rassan ƙasa sun yi nauyi, in damina ta zo da iska za su tsage su ja uwar. Salisu ya ce ya yi abin da ya ga ya dace. Da gani ko cewa aka yi ya hau da kansa zai ce to.

Na sha ganin maigidan yana aiki, amma ranar na zauna na kalla sosai. Ya zarga wa reshe na farko igiyar ta biyu, ya jefo kan ƙasa, dattawan nan biyu suka riƙe. Ya kwanta a jikin uwar ya sari cikin reshen daga ƙasa, sara gajeru, ɓarɓashi yana zubo mana a ka. Ya koma sama ya ci gaba a karkace. Can ya dakata, ya karkata kunne, ya ce a ja baya. Reshen ya yi ƙara ya saki, igiya ta riƙe shi, aka sauke shi a hankali har ƙasa, ko ɓawo bai yage ba. Ya bi bakin saran da zarto ya daidaita, ya shafa da hannu. Baba Magagi yana ƙasa yana bin kowane sara da ido, leɓensa yana motsi. Sau ɗaya ya ɗaga hannu kamar zai nuna wani reshe, sai ya mai da hannun ya riƙe gemunsa.

Kafin azahar rassa sun taru a ƙasa, ganye kore shar, ga 'ya'yan gawo jajaye a murɗe da girgizar ta zubo ko'ina. Dattawa suna ta yaba aikin. Salisu ya ɗan sake, har ya fara tambayar maigari labarin rijiyar gari.

Sai muka ji gudu daga wajen bukkokin tsohon. Awakinsa ne, sun ji ƙarar gatari. Duk ransu sun san in gatari ya yi kuka a gonar nan abinci ya sauko. Suka iso a guje, wata tsohuwar akuya mai ciki a gaba, suka faɗa wa ganyen.

Baba Magagi ya ɗauki sandarsa ya shiga tsakaninsu. Ya kore wannan, waccan ta zagayo. Ya daka musu tsawa da muryar da ba su saba ji ba. Akuyar mai ciki ta tsaya da ganye a baki tana kallonsa, ta sake sunkuyawa, ya ɗora mata sanda a gadon baya, ba da ƙarfi ba. Ya sa hannu ya zare reshen daga bakinta ya mayar kan tarin.

Salisu ya miƙe. “Haba Baba, don Allah bar su su ci.”

Tsohon ya tsaya yana haki. Ya dubi maigari, ya dubi liman, ya tabbata sun ji. Sannan ya sauke sandar.

“Na gode, ɗan Malam,” ya ce. “Na yau ka ba ni. Na gobe, in ka koma Hilinge, wa za ni tambaya?”

Tsohon bai tsaya jiran amsa ba, ya bar awakin suka ci na ɗan lokaci yana tsaye a kansu, sannan ya tattara su ya sa a gaba. Muna zaune a inuwa muna kallonsa ya fita cikin rana, yana kora su suna waiwaye, har ya kai su gida ya ɗaure.